Rabon Faifan Kwamfuta Kafin Ɗora Linux

 Na san wani zai ce me ya haɗa mujallar Hausa da zancen faifan kwamfuta. Amsata ita ce, kundin digirin da za mu miƙa, da muryoyin dattawan da muka naɗo a wajen bincike, da waƙoƙin bakan da muke kwana muna mayarwa rubutu, duk a cikin wannan faifai suke kwance. Ga kuma wani dalili. Ranar 14 ga Oktoba, 2025 kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar da ya saba ba Windows 10, ita kuwa Windows 11 tana da sharuɗɗan da tsofaffin kwamfutoci da dama ba su cika ba. Da yawanmu laftof ɗin hannu muke riƙe da ita, irin wadda ake saya a Computer Village ta Ikeja da makamantanta, saboda haka zancen komawa Linux ya zo har ƙofar ɗakinmu.

Shi dai Linux babbar manhaja ce mai tafiyar da kwamfuta, kamar Windows, sai dai rubutun da aka gina shi da shi a buɗe yake, kowa na iya dubawa, ya gyara, ya raba wa wasu. Linus Torvalds ne ya fara shi a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, aka haɗa shi da kayan aikin shirin GNU wanda Richard Stallman ya ƙaddamar a 1983. Daga nan ya yi rassa, akwai Debian ta 1993, da Fedora ta 2003, da Ubuntu wadda Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya fito da ita a 2004. Kowanne mutum ya zaɓa, ɗora shi ba wuya, tambayoyi ne na harshe da agogo da suna. Wuri ɗaya ne hannu kan yi sanyi, wato inda aka tambaye ka yadda za a raba faifai. Duk sauran amsoshin ana iya sauya su daga baya cikin minti biyu. Wannan kuwa tun ran gini ran zane ne, kuma a nan ne danna maɓalli ɗaya ke iya shafe aikin shekara huɗu.

Mene ne rabon faifai?

Faifan ajiya, ko mai juyawa ne irin na da ko SSD marar motsi, dogon jeri ne na ƙananan gurabu masu lamba, kowane gurbi bisa al'ada yana ɗaukar bait 512. Raba shi kamar yanka fili ne zuwa fuloti. Ba a gina katanga, a takarda kawai ake rubuta cewa daga gurbi kaza zuwa gurbi kaza yanki na ɗaya ne, daga nan zuwa can na biyu. Wannan takarda tana zaune a farkon faifan, ita ce jadawalin rabo. Bayan an yanka sai a shimfiɗa wa kowane yanki tsarin jera fayil, abin da muke kira yin fomat. Windows tana amfani da NTFS, yawancin rassan Linux kuwa ext4. Mai karatu ya riƙe wannan bambanci da kyau, yanka daban, fomat daban, kuma fomat ɗin ne ke cinye abin da ke ciki.

Wanda ya saba da Windows ya san C: da D:, kowane yanki da harafinsa. Linux bai san haruffa ba. A wurinsa komai bishiya ɗaya ce, tushenta ana rubuta shi da karkatacciyar sanda kamar haka /, sauran foldodi kuma rassa ne. Fayilolin mutane suna ƙarƙashin /home, manhajoji a /usr, abubuwan da ke sauyawa kullum kamar rajistar aiki a /var, kayan tayar da kwamfuta a /boot. Kowane yanki na faifai rataya shi ake yi a jikin wani reshe. Idan ka ware yanki ka rataya shi a /home, duk abin da aka ajiye a wannan reshe can zai faɗa, in ba ka ware ba sai ya zauna cikin yankin tushe tare da komai. Ke nan ainihin tambayar ita ce, wane reshe ne ya cancanci fuloti nasa na kansa?

Sunayen da za ka gani a allo su ma suna da ka'ida. Faifai na farko sda ne, na biyu sdb, yankunansu sda1, sda2, haka dai. Idan SSD ce ta zamani mai suna NVMe, sai ka ga nvme0n1, yankinta na farko nvme0n1p1. Filashin da ka tayar da kwamfutar da shi shi ma yana cikin jerin, wani lokaci ma shi ke karɓe sunan sda. Don haka ni ba na yarda da suna shi kaɗai, girman faifan nake dubawa. Kada kuma ka yi zaton an cuce ka in ka ga faifan gigabait 256 ya nuna 238, ko na 500 ya nuna 465. Masu ƙera faifai da dubu suke lissafi, kwamfuta kuwa sau da yawa da 1024.

Jadawali iri biyu

Tsohon jadawali shi ne MBR, wanda ya zo a 1983 tare da PC DOS 2.0. Dukkansa a gurbin farko na faifai aka cusa shi, inda aka ware bait 64 kacal don lissafin yankuna, kowane yanki bait 16. Shi ya sa ba ya ɗaukar manyan yankuna fiye da huɗu. Da buƙata ta ƙaru sai aka yi dabara, a mayar da ɗaya daga cikin huɗun nan buhu, a zuba ƙananan yankuna a cikinsa, su kuma Linux daga lamba 5 yake fara ƙirga su. In ka taɓa ganin faifai mai sda1 da sda2 sai kwatsam sda5, dalilin ke nan. Haka kuma MBR ba ya iya lissafa abin da ya wuce kimanin terabait 2 a faifai mai gurbin bait 512.

Sabon jadawali shi ne GPT, wanda ya samo asali daga aikin kamfanin Intel a ƙarshen shekarun 1990, yake tafiya tare da UEFI, magajin tsohon BIOS. Yana ɗaukar yankuna 128 ba tare da wata dabara ba, yana kuma ajiye kwafin kansa a ƙarshen faifai, ta yadda in na farko ya lalace za a iya farfaɗo da shi. Kusan duk kwamfutar da aka sayar da Windows 8 a kanta, wato daga 2012 zuwa yau, UEFI take amfani da shi. A nan babu dogon tunani, in kwamfutarka tana da UEFI ka zaɓi GPT. Hanyar ganewa mai sauƙi ce, bayan ka tayar da Linux daga filashi ka duba ko akwai folda mai suna /sys/firmware/efi. In tana nan, ta UEFI ka shigo.

UEFI yana da sharaɗi ɗaya, dole a ba shi ɗan yanki nasa da aka yi wa fomat da FAT32, inda kowace babbar manhaja ke ajiye fayil ɗin da ke tayar da ita. Sunansa yankin EFI, kuma yawancin rassan Linux a /boot/efi suke rataya shi. Idan sabon rabo kake yi, ba shi tsakanin megabait 512 da gigabait 1. Wanda kuma yake da tsohuwar kwamfuta mai BIOS amma ya nace sai GPT, GRUB, wato manhajar da ke tayar da Linux, za ta buƙaci ɗan mitsitsin yanki na megabait 1 wanda ba a yi masa fomat.

Shawarwarin da zamani ya wuce

Duk wanda ya buɗe tsohon littafin Linux zai ga an ce a yanka faifai gida shida ko bakwai, /boot daban, /usr daban, /var daban, /tmp daban. Kowace shawara tana da dalilinta a lokacin da aka ba da ita, amma mutane sun riƙe shawarar sun manta dalilin.

Ɗauki /boot. Tsofaffin BIOS ba sa iya karanta abin da ya wuce silinda 1024 na farkon faifai, wanda da farko bai fi megabait 504 ba, daga baya ya kai wajen gigabait 8. Dole aka riƙa yanka ƙaramin yanki a can gaba don zuciyar Linux ta zauna inda BIOS zai iya kai hannu. Wannan matsala ta daɗe da mutuwa. Abin da ya rage shi ne wahalar da ƙaramin /boot ke jawowa, domin duk sabuntawa tana kawo sabuwar zuciya a ajiye ta kusa da tsofaffi, in wurin megabait 200 ne sai a wayi gari ya cika, sabuntawa ta tsaya cak. A yau ba na ware /boot sai in zan kulle faifai da kalmar sirri, zancen da zan zo kansa. Shi kuwa /usr labarinsa ya fi ban dariya. A farkon Unix, kakan Linux, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka gina a Bell Labs ta Amurka, /usr gidan fayilolin masu amfani da kwamfutar ne. Labarin da aka fi bayarwa shi ne faifan farko ne ya cika, sai manhajoji suka malala zuwa faifai na biyu inda /usr yake, aka kuma gaji abin a haka. Yanzu an juya lamarin, Fedora 17 a 2012 ta tattara manyan foldodin manhaja cikin /usr, Debian 12 ta 2023 ita ma haka take. Ware shi a laftof neman magana ne kawai. /var daban yana da amfani ga manyan kwamfutocin da ke yi wa jama'a hidima dare da rana, don kada rajista ta kumbura ta toshe tushe. Ɗalibin da ke rubuta kundi ba ya cikin wannan sahu.

Sai kuma yankin musaya, wanda za ka ga an rubuta swap a allon rabo. Ka ɗauki RAM a matsayin teburin aiki, faifai kuma kabad. In tebur ya cika, Linux yakan kwashe takardun da ba a taɓa su ba tun ɗazu ya tura su wani lungu na kabad, lungun nan shi ne wurin musaya. Tsohuwar ka'ida ta ce a ba shi ninki biyu na RAM. Hakan ya yi daidai a zamanin da RAM ke megabait 64, amma mai gigabait 16 da ya yanka 32 ya yi asarar fili ne kawai. Ubuntu ma tun fitowar 17.04 ta 2017 ta daina yanka masa yanki, fayil take ƙirƙira cikin tushe wanda ake iya ƙara wa girma ko a rage. Fedora 33 ta 2020 ta bi wata hanyar, tana matse bayanan cikin RAM ɗin kansa da dabarar zram. A ganina mai RAM gigabait 4 ko 8 ya ba musaya gigabait 4, ya isa.

Togaciya ɗaya ce a nan, kuma ta shafe mu. Kwamfuta tana da barci iri biyu. Akwai gyangyaɗi, inda aikinka ke zaune cikin RAM yana shan batir kaɗan kaɗan, in batir ya mutu aikin ya tafi. Akwai kuma dogon barci, inda ake kwashe duk abin da ke RAM a zuba a wurin musaya, kwamfuta ta mutu murus, in an kunna ta ci gaba daga inda ta tsaya. Ga mai laftof da batirinta ba ya kai rabin awa, a garin da wuta ba ta sallama kafin ta tafi, dogon barci abin so ne. Sai dai yana buƙatar musaya a kan faifai mai girman RAM ko fiye da haka kaɗan, zram ba ya yi. Ubuntu ba ta kunna shi da kanta, kuma a rassa da dama ba ya aiki muddin Secure Boot na kunne. Wanda ke da niyyar bin wannan hanya ya yanka yankin tun yanzu, domin ya fi fayil sauƙin saitawa.

Gardamar /home

Nan ne masana kansu suka rabu, kuma nan ne na fi son mai karatu ya nutsu. Manhajar ɗora Ubuntu, in ka bar ta ta yi da kanta, yankin EFI take yankawa sai ta zuba duk sauran cikin tushe ɗaya. Ta Debian takan ba ka zaɓi, komai wuri ɗaya, wanda ta ce shi ya fi dacewa da sabon shiga, ko /home daban, ko /home da /var da /tmp kowanne daban.

Hujjar masu ware /home mai ƙarfi ce. Tsarin kwamfuta abu ne da ake iya sake saukowa daga intanet a wuni ɗaya, hirar da ka yi da tsohuwa a ƙauye kuwa ba ta da kwafi a ko'ina a duniya. In suna yanki daban daban, ranar da tsarin ya rikice, ko ka gaji da Ubuntu kana son gwada Debian, sai ka yi wa tushe fomat ka bar /home yadda yake. Kuma ba takardu kaɗai ke ciki ba. Akwai ɓoyayyun foldodi masu farawa da ɗigo, inda saituttukanka suke. Linux yana zuwa da tsarin allon rubutu na Hausa, na Nijeriya da na Gana, mai fitar da ɓ da ɗ da ƙ, kuma zaɓin da ka yi na amfani da shi a /home ake adana shi. Haka salon haruffan da ka girka wa kanka, da kalmomin Hausar da ka yi ta ƙara wa ƙamusun LibreOffice don ya daina ja musu jan layi. Wanda ya taɓa zama ya saita waɗannan ya san ba aikin da ake son maimaitawa ba ne.

Hujjar ɗaya ɓangaren ita ma ba ta wasa ba ce. Ware yanki yana nufin ka yi hasashen gobe tun yau, hasashe kuwa yakan kuskure. Ubuntu ta ce tana buƙatar gigabait 25, sai mutum ya ba tushe 25 cif ya zuba sauran a /home. Amma manhajojin Snap da Flatpak, waɗanda kowace ke zuwa da kayanta a goye, ƙarƙashin /var suke zama, wato cikin tushe. Kafin shekara ta zagayo tushe ya cika maƙil alhali /home na da fili gigabait ɗari ba mai taɓawa. Cikar tushe kuwa ba ƙaramin abu ba ne, sabuntawa takan karye a tsakiya, wani lokaci ma allon shiga ya ƙi buɗewa.

Za a ce ai sai a matsar da iyaka. Gaskiya ne manhajar GParted tana yin haka, amma akwai bambanci tsakanin ƙarshen yanki da farkonsa. Miƙa ƙarshen yankin ext4 zuwa cikin filin da ba kowa abu ne na daƙiƙoƙi. Matsar da farkon yanki kuwa sai an kwashe duk abin da ke cikinsa gurbi bayan gurbi, a faifai mai juyawa yana iya cin sa'o'i, in kuma wuta ta ɗauke batir ya mutu a tsakiya, yankin na iya zama ba na nan ba na can. Matsalar ita ce ƙara wa tushe fili daga /home da ke bayansa irin wannan aiki na biyu ne. Rage yankin ext4 ma ba ya yiwuwa yana rataye, sai an tayar da kwamfuta daga filashi. XFS, wanda Red Hat ta mayar da shi zaɓinta tun 2014, shi ƙara masa ake yi, ba a lissafa shi cikin masu raguwa.

Ga matsayina. In filin da Linux zai samu bai kai gigabait 100 ba, kada a raba, tushe ɗaya ya wadatar. In ya wuce haka, a ware /home, amma a yi wa tushe hannu sake, gigabait 50 zuwa 60. Mai faifai babba yana iya barin gigabait 20 ba a yanka ba tsakanin tushe da /home, ranar da tushe ya matsu sai ya miƙe ƙafa ciki ba tare da an taɓa maƙwabcinsa ba. Wani abu da zan ja kunne a kansa, ware /home ba ya maye gurbin kwafi. Yankunan nan duk a faifai ɗaya suke, ranar da ya mutu ko ɓarawo ya ɗauke jakar, tare za su tafi. Haka kuma ban cika son a haɗa rassan Linux biyu a kan folda ɗaya ta /home a lokaci guda ba, domin kowanne zai riƙa rubuta saitinsa a kan na ɗan uwansa.

Akwai hanyoyi biyu na kauce wa hasashen nan gaba ɗaya. Ta farko LVM, inda ake ba shi babban yanki ɗaya shi kuma ya riƙa yanka ɗakuna a ciki, waɗanda ba dole ne gurabunsu su kasance a jere ba. Ka ba tushe 40, /home 100, ka bar saura a ajiye, duk wanda ya matsu ka ƙara masa kwamfuta na aiki. Ta biyu Btrfs, wanda Fedora ta koma kansa a fitowar nan ta 33. Shi yanki ɗaya ne mai ƙananan sassa, tushe da /home kowanne da sashensa, amma daga rumbu ɗaya suke ɗiban fili, babu wanda zai cika ɗayan na hamma. Yana kuma iya ɗaukar hoton tsarin kafin sabuntawa don a koma baya in abu ya ɓaci, dabarar da openSUSE ta shahara da ita. Duka biyun suna da kyau. Aibinsu kawai shi ne ranar da kwamfuta ta ƙi tashi, samun wanda ya iya su a kusa ya fi wuya a kan samun wanda ya san ext4.

Kulle faifai

Mutane da yawa suna zaton kalmar sirrin shiga kwamfuta tana kare fayilolinsu. Ba ta karewa. Duk wanda laftof ɗinka ta faɗa hannunsa, in ya tayar da ita daga filashi zai karanta komai. Ga mai bincike da ya naɗi muryoyin mutane bisa alƙawarin ba za a ji sunansu ba, wannan amana ce. Maganinsa LUKS, wanda ke rikita duk abin da ke yankin sai an ba shi kalmar buɗewa. Tun wajen ɗorawa ake zaɓarsa, kuma yakan sauya rabon zuwa gida uku: yankin EFI, da /boot a buɗe mai gigabait 1 zuwa 2, da babban yanki kulle wanda tushe da musaya ke cikinsa. Wanda ya manta kalmar ya yi sallama da kundinsa, babu mai gyaran da zai buɗe masa. Kuma kada a sa harafi mai ƙugiya a cikinta, domin a lokacin da ake tambayarta allon rubutun Hausa bai riga ya tashi ba, sai mutum ya nemi ƙ ya rasa.

Zama da Windows a faifai ɗaya

Mafi yawan masu gwada Linux ba sa son korar Windows nan take, kuma ban ga laifinsu ba. Amma a nan haɗari ya fi yawa. Kafin komai a kwafe fayiloli zuwa faifan waje, sannan a zare shi daga kwamfutar, kada ya shiga jerin waɗanda za a yanka. A duba ko BitLocker na kunne, domin laftof da yawa suna zuwa a kulle mai su bai sani ba. In yana kunne a nemo lambar cetonsa mai alƙaluma 48 a rubuta a takarda, sau da yawa tana cikin asusun Microsoft na wanda ya fara saita kwamfutar, wanda a laftof ɗin hannu ba lallai kai ba ne. A kashe saitin tashi da sauri da ya zo tun Windows 8, saboda yana barin yankin NTFS kamar mai barci da ido ɗaya, Linux kuma ya ƙi rubutu a kansa. Sannan a rage C: daga cikin Windows kanta da manhajarta ta sarrafa faifai, a bar filin fanko ba fomat.

Idan an zo allon rabo za a tarar da yankin EFI da Windows ta riga ta yanka, sau da yawa megabait 100 ko 260. A rataya shi a /boot/efi, amma kada a yi masa fomat, in aka yi Windows ba za ta ƙara tashi ba sai an gyara. Ƙanƙantarsa ba damuwa ba ce ga Ubuntu da Debian da Fedora, tunda ba a cikinsa suke ajiye zuciyar Linux ba. Ɗan yankin ceto na Windows shi ma a ƙyale shi. Filashin kuma a tayar da shi ta hanyar da aka ɗora Windows, in UEFI ce UEFI. Linux yana karanta NTFS ya rubuta, Windows kuwa ba ta ganin ext4 da kanta, har takan yi tayin yi masa fomat, tayin da amsarsa a'a ce kullum. Mai son fayilolin da zai buɗe ta kowane ɓangare ya ajiye su a yankin NTFS, amma /home kansa ba a ɗora shi a kan NTFS, don bai dace da tsarin izinin fayil na Linux ba.

Bari mu yi lissafi da laftof mai SSD gigabait 256 da RAM 8, wadda Linux kaɗai zai zauna a kanta. Muna da 238. EFI ya ɗauki 1, tushe 60, musaya 8 saboda dogon barci, sauran 169 na /home. In Windows 11 za ta zauna tare, ita kanta 64 ne mafi ƙarancin abin da take nema, kuma a aikace sai an bar mata wajen 140 kafin ta sake. Abin da ya rage bai kai 100 ba, don haka tushe ɗaya da fayil ɗin musaya, shi ke nan. Mai faifai biyu kuwa, ƙaramar SSD da babban mai juyawa, rabonsa ya riga ya raba kansa, EFI da tushe a SSD don sauri, /home ko aƙalla sautuka da bidiyo a babban.

Bayan an gama ɗorawa, a buɗe tagar umarni a rubuta lsblk, a kwafe abin da ya fito a bayan littafin lacca: sunan kowane yanki, girmansa, da reshen da aka rataya shi. Ranar sake ɗorawa wannan takarda za a buɗe. A zaɓi rabo da hannu, kada a taɓa zaɓin da ke cewa a goge faifai duka. A nuna tsohon tushe a ce a yi masa fomat, a nuna tsohon /home a rataya shi a /home, a tabbata akwatin fomat da ke gabansa babu alama a ciki. Sannan a ba da sunan mai amfani irin na da, harafi da harafi, kuma ya zama shi ne asusun farko da aka buɗe, domin Linux da lamba yake gane mai fayil, asusun farko kuwa a Debian da Ubuntu da Fedora lamba 1000 yake samu.